Shin akwai haɗari a gyara rubutu kai tsaye a kan filash?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, kuma ba ni da kwamfuta ta kaina, saboda haka kundin kammala karatuna yana kan filash. Ko a kwamfutar yayata ko a shagon buga takardu, daga filash ɗin nake buɗe shi, in yi gyara, in adana a nan. Wani mai shago ya ce in daina, wai hakan yana lalata fayil. Shin gaskiya ya faɗa? (Daga wata ɗaliba, Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Gaskiya mai shagon ya faɗa miki, kuma ina roƙon ki ki ɗauki shawararsa tun kafin kundin ya ƙara nisa.

Idan kika umarci Microsoft Word ya adana aiki, yakan fara rubuta wani sabon fayil na wucin gadi a cikin foldar da kundin yake, sannan ya kawar da tsohon, ya ɗora wa sabon sunansa. A wannan ɗan tsakanin ne haɗarin yake, domin idan aka ɗauke wuta a kwamfutar tebur da ba ta da UPS (batirin da ke riƙe ta idan wuta ta ɗauke), ko ramin USB ɗin ya yi sako-sako har gwiwar wani ta gogi filash ɗin, sai a wayi gari tsohon ya tafi, sabon bai kammalu ba. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne yawancin filash suna zuwa da tsarin ajiye fayil na FAT32 ko exFAT, waɗanda ba sa ajiye bayanin aikin da suke tsaka da yi, saɓanin NTFS da ke kan babban faifan Windows, wanda yake da hanyar daidaita kansa bayan katsewa.

Akwai kuma abu biyu da mutane kan dogara da su alhali ba za su cece ki ba. Fayil ɗin da aka goge daga filash ba ya shiga Recycle Bin, kai tsaye yake ɓacewa. Kwafin ceto da Word ke yi duk bayan minti 10 kuwa a cikin kwamfutar yake zama, wato a shagon da kika baro.

Batun cewa yawan adanawa yana cinye ƙarfin filash gaskiya ne, amma rubutu ba shi da nauyin da zai kashe mai kyau da wuri. Jabu ne abin tsoro, irin wanda aka rubuta masa 64GB alhali cikinsa bai kai haka ba, yana karɓar fayil kamar lafiya lau, sai ranar buɗewa a tarar da shirme. Manhajar H2testw, wadda kyauta ce, tana tona asirin irinsa.

Abin da za ki riƙa yi shi ne ki kwafe kundin zuwa kwamfutar, ki yi gyaranki a can, ki rufe Word, sannan ki mayar da shi filash da sabon suna mai ɗauke da kwanan wata, ba tare da kin danne na jiya ba. Ki danna Eject kafin ki zare. Gaskiya ne tun daga Windows 10 sigar 1809 an sauƙaƙa zare filash, amma sauƙin bai shafi wanda ake tsaka da rubutu a kansa ba. Idan a shago ne, ki buɗe na kan filash ki tabbatar yana karantuwa, sannan ki goge na kwamfutarsu har daga Recycle Bin, don kada aikinki ya faɗa hannun wani. Ki kuma aika wa kanki kwafi ta imel ko ki ɗora a Google Drive, wanda ke ba da 15GB kyauta.

Kwamfutocin shago sukan ɗauki cutar kwamfutar nan (virus) da ke mayar da folda ta zama shotkat, wato alama kawai mai nuni zuwa wani wuri. Idan hakan ta same ki, kada ki yarda a yi wa filash ɗin fomat, wato a share duk abin da ke cikinsa, domin galibi cutar ɓoye fayilolin take yi, kuma wanda ya san aikin zai iya fito miki da su.