Na sa hanyar folda cikin alamar zance amma Python ta ce ban ba ta komai ba

Tambaya: Salam malam. Na rubuta ɗan sikirif na Python da ke kwafe hotuna daga folda zuwa filashi, a Windows nake. Na buga haka a cmd, wato tagar buga umarni ta Windows:

python kwafi.py "C:\Hotunan Biki\" --zuwa "D:\Ajiya"

sai argparse, ɓangaren Python mai karanta abin da aka buga a layin umarni, ya ce wai ban sa --zuwa ba, alhali ga shi nan ƙiri-ƙiri. Na sa alamar zance saboda sunan foldar akwai gibi a ciki. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Sikirif ɗinka lafiyarsa ƙalau, matsalar bakslash (alamar \) ɗin nan ne na ƙarshe da ya manne da alamar zance, wato \" bayan Biki.

Ka ga a Linux, shel, wato shirin da ke karɓar umarnin da ka buga, shi ne ke yanka layin umarni gunduwa-gunduwa ya miƙa wa shirin a jere. Windows ba haka take ba, layin gaba ɗaya take miƙawa a dunƙule kowane shiri ya yanka da kansa, kuma Python tana bin ƙa'idar Microsoft ta shirye-shiryen da aka rubuta da yaren C. A wannan ƙa'idar bakslash ba komai ba ne matuƙar ba alamar zance ke biye da shi ba, shi ya sa C:\ ɗin farko bai dame ka ba. Amma da zarar ya zo dab da alamar zance to lissafi ya canza: in guda ɗaya ne sai ya kashe mata aiki ta koma harafi kawai, in biyu ne sai su zama ɗaya ita kuma ta rufe yadda ya kamata.

To kai naka ɗaya ne, don haka ba a rufe ba, aka ci gaba da haɗiye duk abin da ke gaba har --zuwa. Sa wannan a saman sikirif ɗin ka gani da idonka:

import sys; print(sys.argv)

Za ka ga bayan kwafi.py abu ɗaya ne tak, hanyar farko da alamar zance a wutsiyarta da --zuwa da D:\Ajiya duk a cakuɗe. Ni kullum nan nake fara dubawa kafin in taɓa argparse, don mutane na ɓata lokaci sosai suna gyaran wurin da bai lalace ba.

Mafi sauƙi ka cire bakslash ɗin ƙarshe, "C:\Hotunan Biki" ya wadatar. In dole sai da shi to ka ninka, "C:\Hotunan Biki\\". Inda abin ya fi cin mutane shi ne fayil ɗin .bat, mai ɗauke da jerin umarnin cmd, saboda %~dp0, wato hanyar foldar da fayil ɗin yake ciki, kullum da bakslash yake ƙarewa ko ba ka so, nan sai ka ƙara ɗigo ka rubuta "%~dp0." shikenan. Robocopy, shirin kwafe fayiloli na Windows, ma haka yake yi da irin wannan hanyar, ba Python kaɗai ba.

In kuma daga cikin Python kake kiran wani shirin, don Allah kar ka riƙa harhaɗa layin da hannu kana liƙa alamomi, ba wa subprocess.run jeri, kowane abu a gurbinsa, shi zai san inda zai ninka bakslash.

Sannan in umarnin daga WhatsApp ko Word ka kwafo shi, duba alamomin da kyau, wani lokacin masu lanƙwasa ne “ ” kuma Python ba ta ɗauke su alamar zance ba, sai ta yanke maka hanyar a gibin da ke tsakanin Hotunan da Biki. Goge su ka sake bugawa da kibod ɗinka.