Amsa ga Hajiya kan farin abin da ke kwanciya a butar shayi

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Hajiya, na saurari muryar da kika turo ɗazu, kika ce tun da kuka koma shan ruwan burtsatsen nan na bayan masallaci wani farin abu yake kwanciya a gindin buta kamar an shafa alli, sabulu ba ya kumfa, kuma wata maƙwabciyarku ta ce shi ke jawo tsakuwar ƙoda. Na ga mutum uku sun ce su ma haka. To bari in yi bayani, ku yi haƙuri za ta ɗan yi tsawo.

Wannan farin abin, Hajiya, ba datti ba ne kuma ba guba ba ne. Sinadarai ne guda biyu, kalsiyam da magniziyam. Ruwan da ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa yana narkar da su daga dutse da ƙasar da yake ratsawa, shi ya sa kika fi jin zartsi a ruwan rijiya da na burtsatse. Ruwan famfon da ake turo mana daga matatar Tamburawa ko ta Challawa kuwa daga kogi ake ɗebo shi a tace, galibi ya fi laushi. Kin ga dalilin da ya sa da can, lokacin da famfo ke zuwa kullum, ba ki ganin wannan a butarki. In kin tafasa ruwan, zafi ne ke sa wani ɓangare na sinadarin ya fita ya manne a ƙarfe. Shi ne kuma yake cinye sabulu kafin ya yi kumfa, shi ke sa farin kaya su dushe, shi ke sa wake ya ƙi nuna sai an jefa masa kanwa. Duk abu ɗaya ne.

In kina so ki gwada da kanki, samo gorar roba biyu. Ɗaya ki zuba ruwan burtsatsen, ɗaya ruwan sama ko na leda. Ki kankare sabulun sanda daidai wa daida ki zuba, ki girgiza. Wadda ta yi kumfa kaɗan, ruwan ya yi fari kamar tsinkakken koko, ita ce mai zartsin. Butar kuma, matse lemon tsami uku ko huɗu a ciki, ƙara ruwa, ki tafasa, ki bar shi ya kwana. Da safe za ki ga ɓawon yana saki da kansa. Don Allah kar a kankare da wuƙa, musamman butar lantarki.

Maganar ƙoda kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa wa wannan zartsin iyaka saboda lafiya ba. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya kuwa ya sa iyakarsa miligiram 150 a kowace lita. Abin da likitoci suka fi jan kunne a kai game da tsakuwar ƙoda shi ne ƙarancin shan ruwa, ga zafin Kano a watan Afrilu. Wallahi abin da nake tsoro ke nan, a ce mutum ya rage shan ruwa saboda ya ga fari a buta. Wanda likita ya riga ya ce masa yana da ciwon ƙoda, shi kam ya bi abin da likitansa ya ce.

To yanzu ga abin da ya sa na ɗauki waya tun farko. Jama'a, wanda ido ke gani ba shi ne matsalarmu ba a unguwar nan. Ku fita gobe da safe ku dubi bututun da ke shiga gidajenmu. Nawa ne suke kwance cikin kwata? Ni na ƙirga a layinmu kaɗai, abin ya ɗaga min hankali. Wasu an ɗaure su da tsumman roba, wasu sun tsage. Lokacin da ruwa ke zuwa da ƙarfi, waje yake fesowa, ba komai. Amma da zarar an ɗauke, bututun ya zama fanko, sai ya dinga zuƙo ruwan kwatar ciki. Ranar da aka dawo da ruwa, wannan ne farkon abin da zai sauka a bokitinki. Ga masu haɗa injin ja kai tsaye a jikin bututu, su suna ƙara zuƙowar ne ma. Shi ya sa nake cewa in ruwa ya dawo a bar na farko ya zuba, a yi wanki ko a share tsakar gida da shi.

Burtsatse ma haka. Ana so tsakaninsa da masai ko sokawe ya kai kamar mita 30, mu kuwa fulotanmu duka-duka nawa ne? Naka masan yana jikin katangar maƙwabci, shi kuma rijiyarsa tana nan. Ruwa zai fito garau, ba wari, ba ɗanɗano, amma yana ɗauke da abin da ke kawo taifod da amai da gudawa. Ba mu manta 2021 ba, kwalara ta kashe sama da mutum 3,000 a ƙasar nan, kuma Kano tana cikin jihohin da abin ya fi taɓawa. Ni a shekarar na yi jinyar ɗan ƙanena kwana huɗu, ba na fatan kowa ya ga haka.

Alam da muke jefawa a randa yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. Ƙaramar na'urar nan mai kama da biro da wasu ke tsomawa ta nuna lamba, ita ma narkakkun sinadarai take aunawa, ba ta ganin ƙwayar cuta ko ɗaya. Ruwan sha, musamman na yara, a tafasa shi ya yi ta ɓararraka minti ɗaya cur. In gas ya yi tsada, a sa maganin kulorin na ruwa irin su WaterGuard yadda aka rubuta a jikin kwalbar, a jira minti 30. A rufe randa, moɗa ɗaya, kar yara su dinga tsoma hannu. Wanda ke saye a wajen 'yan garuwa ya leƙa cikin jarkar, in ta yi kore ya yi magana cikin mutunci, su ma neman halak suke.

Shawarata, Malam mai kula da zauren nan, mu yi karo-karo mu ɗebi ruwan burtsatsen bayan masallaci da na famfon layi biyu mu kai ɗakin gwaji, a duba mana ƙwayoyin cuta da sinadarin naitiret da ke shiga ruwa daga masai da taki, don shi naitiret tafasawa ba ta fitar da shi, kuma jarirai ya fi cutarwa. Ni zan kai da kaina. Sannan ranar Asabar bayan sallar asuba, matasa su fito mu ɗaga bututun nan daga kwata, ina da gam da zarto, a nemo mana soket ɗin haɗa bututu na rabin inci kamar guda ashirin. Wanda zai fito ya rubuta sunansa a ƙasa. Hajiya, ki gaida Alhaji da yara.