Ko taswirar waya ta kori ɗan jagora?

Tambaya: Malam, ina shirin zuwa yawon buɗe ido wata ƙasar da ban taɓa takawa ba. Abokaina sun ce muddin da taswira a wayata, ɗaukar ɗan jagora ɓarnar kuɗi ce. Haka ne? In kuma intanet ta ɗauke fa?

Amsa: Bari in fara da ta biyun, don ta fi sauƙi. Shuɗin ɗigon nan da ke nuna inda kake tsaye ba ya cin data. Wayarka saurare kawai take yi. Taurarin ɗan'adam na GPS, da ke can sama nisan kusan kilomita 20,000, su ke aiko da sigina, da ta kama na guda huɗu sai ta lissafa inda take. Abin da ke buƙatar intanet shi ne zanen titunan da labarin cunkoso. Don haka ka sauke taswirar garin tun kana kan Wi-Fi.

Wannan sauƙin bai daɗe ba. Kafin Mayun 2000, da gangan gwamnatin Amurka ke dagula siginar da farar hula ke samu, har kuskuren ya kai mita 100. Da aka daina, sai ga Google Maps a 2005, sai Street View, mai nuna hotunan tituna, a 2007. Yau baƙo kan ga ƙofar masaukinsa tun bai hau jirgi ba.

To, ɗan jagora fa? In nuna hanya ne kaɗai sana'arsa, lalle waya ta karɓe ta. Amma akwai abin da abokanka ba su lura da shi ba: taswirar ba hanya kaɗai take nunawa ba, har wurin zuwa take zaɓar maka. Wurin da ya tara taurarin yabo na masu ziyara da hotuna shi ke fitowa a sama, kowa ya nufe shi, ya ƙara masa taurari, gobe ya sake fitowa. Haka dubban mutane ke cunkushewa a layi ɗaya, alhali na bayansa ba kowa. A birnin Basalona na ƙasar Sifen abin ya kai ga a 2024 aka cire motar bas mai lamba 116 daga taswirorin waya, saboda masu zuwa lambun Park Güell sun hana tsofaffin unguwar samun wurin zama a cikin motar. A shekarar ce kuma birnin Venis na Italiya, don rage cunkoson baƙi, ya fara karɓar Yuro 5 daga masu zuwa yini guda a wasu ranaku, shaidar biyan ma a waya ake nunawa.

Ni a ganina, nan amfanin ɗan gari yake. Shi ya san lokacin da taro ke watsewa, da wurin da ba a son a ɗauki hoto, da hanyar da taswira ke cewa a bi amma ruwan damina ya cinye. A tsakiyar babban birni wayarka ta ishe ka. A daji, hamada ko tsaunuka kuwa, kar ka kuskura ka tafi ba jagora, don gajeriyar hanya waya ta sani, ba lallai mai biyuwa ba.

Ka kuma bincika wace manhaja ke aiki a inda za ka, domin a Sin, alal misali, an toshe ayyukan Google. Sannan GPS na shan batir sosai, sai ka riƙe abin cajin tafi-da-gidanka, ka rubuta adireshin masaukinka a takarda da harshen mutanen ƙasar.