Eko ko MRI wajen auna gefen dama na zuciya?

Malam, kan tambayarka ta wanne ya fi auna ƙarfin ɗakin ƙasa na dama na zuciya tsakanin eko (hoton zuciya da ake ɗauka da sauti) da MRI (hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu), gaskiya MRI ne gaba. Ɗakin ga siffar jinjirin wata gare shi kuma yana kwance bayan ƙashin ƙirji, shi ya sa eko ba ya kama shi duka, sai ka ga likita na ta juya na'ura gefen haƙarƙari yana ce ma ka riƙe numfashi. Amma fa kar ka raina eko, nan Sakkwato shi ne kusa da talaka, ga sauƙin kuɗi. In TAPSE, wato awon da eko ke yi na yadda ɗakin dama ke motsawa in zuciya ta buga, ya gaza milimita 17 akwai alamar rauni, a nan ne likitanka zai duba ko sai an kai ga MRI.