Wai wutar birike ta isa?

Kai yaro, jiya gaban mutane ka tambaye ni wai mi ya sa nike matsa muku sai an jiƙa bakin inji cikin jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta, alhali ko'ina cikin Tawa wutar birike kawai ake goga mai a ci gaba da aski. Ban tanka ka ba don raina ya ɓaci, ka taɓo min tsohon miki.

Lokacin ina da rumfa kusa da babbar kasuwa akwai wani alhaji da nike yi ma gidanshi aski kaf, ɗiyanshi da jikoki da almajiran zaure, sai a rubuta a biya ƙarshen wata. Jajibirin sallar layya rumfa ta cika maƙil, na fita sallar la'asar na bar wani yarona irinka, mai gaggawa. Anka kawo wani yaro da makero a ƙeya, fari fat kamar an barbaɗa toka, wajen duk gashi ya kakkarye. Ko makaho ya shafa ya san makero ne. Yarona ya aske shi, ya hura bakin inji, ya ɗan goga wuta, ya kaɗe da buroshi guda, ya bi kan yaran alhaji ɗaya bayan ɗaya. Ba a yi sati biyu ba yara shida sunka fito da shi. Da na je gidan ko tabarma ba a ba ni ba, ni da na aske kawunansu tun ranar suna! Kuma makeron kai shafa mai kaɗai ba ya kashe shi, don cikin tushen gashi yake, sai likita ya rubuta ƙwaya an yi ta sha wajen sati shida. Ni na biya maganin da hannuna, ban yi gardama ba, laifin rumfata ne. Abin da ban yafe ba, bashin wata uku da ke kan alhaji, jika talatin, ya ce ya ci, sannan ranar Lahadi kasuwa na ci ya zauna yana gaya ma kowa rumfata cuta ake rabo. Shekara guda na yi ina kallon mutanena suna wucewa ta ƙofata da sabon aski. Ya rasu ban ga ko dala ba.

To makero ma da sauƙi, ido na ganinshi. Ciwon hanta nike tsoro, wanda likitoci ke ce ma hepatit B. Ƙwayar cutar na iya yin kwana 7 da ranta cikin busasshen jini a kan ƙarfe, kuma ta fi ta sida saurin kama mutum nesa ba kusa ba. Mai ita zai zauna a kujerarka lafiya lau shina dariya, shi kanshi bai sani ba. Ɗan ƙurjin da ka yanke a wuyanshi ya isa. Wutar da kake wucewa da ita sau ɗaya ba ta shiga tsakanin haƙoran inji, baƙi kawai take sa mai.

Reza guda kai guda, wanga ko jaki ya sani, ba zan tsaya kanshi ba. Bakin inji kuwa ka kwance shi, ka wanke gashi da maiƙo da sabulu tukuna, sannan cikin jabel minti 10, in mai digiri 12 ce, wato ƙarfinta da ke rubuce jikin kwalba, awo guda na jabel shida na ruwa, kuma sabon haɗi kowace safiya. Ka ɗauraye ka shanya ka sa mai, in ba haka ba tsatsa ta cinye min kaya. Har buroshin da mataji.

Ku yaran yanzu minti goma ta yi muku yawa, amma waya kuna iya awa biyu kanta ba ku ɗaga kai ba. Baki uku na saya ma injin nan don a riƙa juyawa, biyu na nan cikin leda ko buɗe su ba ku yi ba. Gobe kafin mai aski na farko ya zo in tarar da su a waje, kuma ranar Litinin ka tafi asibiti ka tambayi gwajin hanta da allurar rigakafi, ni zan biya.