Ku Tambaya Mu Amsa: Yadda Turawa Ke Amfani da "Stare At"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare a Zariya. A gwajin share fagen WAEC na rubuta "The man stared me for a long time", sai malaminmu ya sa jan biro ya ƙara "at". To amma na ga an rubuta "he stared into the fire" a littafin karatunmu, babu "at". Ina gaskiyar take?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Malaminku ya yi daidai, littafin ma bai yi kuskure ba.

Ma'anar "stare" ita ce ƙura ido, a kafe shi wuri guda na tsawon lokaci, ko ƙiftawa ba a cika yi ba. Wannan aikatau ba ya hawa kan abin da ake kallo kai tsaye, sai an sa masa "at" a tsakani. Tsarin shi ne mai kallo, sai "stare", sai "at", sannan abin kallo: "The man stared at me", "She is staring at the phone".

Hausa ce ke jawo kuskuren, kuma ta hanya biyu. Muna cewa "ya kalle ni" ba tare da wani harafi a tsakani ba, sai ɗalibi ya rubuta "stared me". Muna kuma cewa "ya ƙura mini ido", sai wani ya ɗauki "mini" ya mai da ita "to me", ya rubuta "stared to me". Duka biyun mai gyaran takarda zai soke su. 'Yan uwanmu na Nijar da suka fara da Faransanci su ma sukan yar da "at", domin "regarder" da "fixer", kalmomin Faransanci na kallo da ƙura ido, ba sa buƙatar komai a tsakani.

Ita kuwa "into" ana kawo ta ne idan abin da ake kallo yana da zurfi, ko ba shi da fuskar da ido zai tsaya a kai, kamar wuta, duhu, nesa, ko cikin idon mutum. "Stare into space" shi ne mutum ya yi zuru, idonsa a buɗe amma hankalinsa ya tafi wani wuri. Ki lura da wannan sosai: "stare at the window" tagar ce kanta ake kallo, amma "stare out of the window" abin da ke waje ake kallo ta cikin tagar. Idan kuma za ki nuna wajen da idon ya nufa, kalmar da ke nuna wajen tana zuwa kafin "at", wato "stared up at the ceiling", "stared down at his feet", "stared back at her".

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne lokacin da "at" ta koma ƙarshen jimla, sai su ga kamar ta yi yawa su cire ta. Kada ki cire. Ana cewa "What are you staring at?" da kuma "She hates being stared at."

Akwai 'yan wurare da ake cire "at", amma daskararrun maganganu ne, haddace su ake yi. "Stare someone down" shi ne ka kafe mutum da ido har shi ya fara kau da kai, mutanen Birtaniya kuma sukan ce "stare someone out". "The answer was staring me in the face" na nufin amsar tana nan a fili amma ban gan ta ba. "Defeat was staring them in the face" kuwa, shan kaye ne ya tunkaro su ba makawa.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina koyar da Turanci a wata firamare a Katsina. Yarana suna cakuɗa "look", "stare", "gaze" da "glare". Yaya zan raba musu su?

AMSA: Barka kadai, Malam. Ka ba su ma'auni uku su riƙa auna kowace kalma da su: tsawon kallon, ko idon yana motsi, da abin da ke zuciyar mai kallon.

"Look at" kallo ne kawai, ba ya ɗauke da wani nufi, shi ya sa idan yaro ya rasa wadda zai zaɓa ita ce mafi aminci. "Glance at" kallo ɗaya ne a kau da kai. "Stare at" doguwa ce, idon a kafe, kuma kusan kullum da dalili a bayanta: mamaki, firgici, rashin fahimta, rashin kunya, ko zurfin tunani. Ka dubi kalmomin da ke yawan raka ta, za su nuna maka halinta: "blankly", "in disbelief", "in horror", "in amazement".

"Gaze at" ita ma doguwa ce, sai dai mai taushi, kallon sha'awa ko ƙauna. Uwa da jaririnta "gaze", mai kallon taurari "gaze". An fi samunta a rubutun labari, ba a cika jin ta a hirar yau da kullum ba. "Glare at" harara ce, da fushi a ciki. Wanda ya saki baki yana kallo kuma, "gape at" ke nan.

Ga darasin da muka san yana kama yara. Ka rubuta jimla ɗaya a allo, "The woman ... at the boy", ka fito da yara biyu gaban aji. Ka riƙa canza aikatau, ɗaya yana kwaikwayon kallon a kan ɗayan, sauran suna faɗin kalmar. Ka ja musu kunne kan "watch", domin ita ba ta ɗaukar "at", kuma abin da ke motsi ake yi wa ita. "Watching the television" yana bin shirin, "staring at the television" idonsa na kan akwatin, mai yiwuwa ma a kashe yake.

TAMBAYA: Malam, na samu gurbin karatu a Ingila. An ce mini ƙura wa mutum ido rashin ɗa'a ne a can, an kuma ce wanda ba ya kallon idon mai magana da shi ba a yarda da shi. Wanne zan bi?

AMSA: Allah ya sa albarka a karatun, ɗan uwa. Duka biyun za ka bi, domin ba abu ɗaya ba ne. Haɗa ido lokacin zance suna kiransa "eye contact": ka dubi mutum na 'yan daƙiƙu, ka ɗan kau da ido, ka dawo. Ana son haka a gaban malami da wurin ganawar neman aiki, kuma sunkuyar da kan da muke yi wa manya don ladabi, can ana iya ɗaukarsa rashin tabbas ko ɓoye wani abu. "Staring" kuwa shi ne ka kafe wanda ba kwa magana da shi, a jirgin ƙasa ko a kanti. Tun suna ƙanana ake ce wa yara "It's rude to stare."

Saboda haka ka kiyayi kalmar a bakinka. Idan ka ce wa mutum "I was staring at you" da nufin yabo, zai ji wani iri. Ka ce "I noticed you" ko "I saw you". Idan kuma wani ya ce maka "What are you staring at?", ba amsa yake nema ba, daidai yake da "kallon me kake yi mini?" Ka ce "Sorry", ka kau da kai.

TAMBAYA: Malam, "staring" ko "starring"? Kuma yaya ake furta "stare"?

AMSA: "Stare" tana ƙarewa da "e", sai a cire ta a sa "ing", ta zama "staring" da "r" ɗaya. Shuɗaɗɗen lokaci "stared". Mai "r" biyu daga "star" ta fito, wato fitowa a matsayin jarumin fim, shi ya sa kake ganin "starring" a farkon finafinai.

Furucinta ɗaya ne da "stair", matakalar bene, kuma tana tafiya da "care" da "fair". Kada ka sa wasali tsakanin "s" da "t" ka ce "sitiya", domin mai sauraro zai ji kamar "steer" ka ce, wato juya sitiyarin mota. Masu shirin WAEC su riƙe wannan, domin a takardar Test of Orals, wato gwajin furuci, ana tambayar irin waɗannan wasulan, a ba ka kalma a ce ka zaɓo wadda sautinsu ya zo ɗaya.