Ci gaba mai ɗorewa: me ake nufi, kuma yana hana ƙasa arziki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan jin ana maganar ci gaba mai ɗorewa, amma har yanzu ban gane takamaiman abin da ake nufi ba. Wani abokina ma cewa ya yi dabara ce ta hana ƙasashe matalauta gina masana'antu. Ina gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ma'anar da aka fi riƙo da ita ta fito ne daga rahoton wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya a 1987, wanda Gro Harlem Brundtland, firaministar Norway a lokacin, ta jagoranta. A taƙaice, mutanen yau su biya buƙatunsu ba tare da sun toshe wa 'yan baya hanyar biyan nasu ba.

Ɗauki daji da kifin teku da ruwan ƙarƙashin ƙasa da ƙarfin gona a matsayin jari, abin da suke sake samarwa duk shekara kuma shi ne riba. Mai cin riba zai daɗe yana ci. Wanda ya shiga cin uwar kuɗi kuwa, za a ɗan jima ana ganinsa cikin wadata, ba a gane ɓarnar sai jarin ya kusa ƙarewa.

Haka ta faru da Tekun Aral, tsakanin Kazakistan da Uzbekistan, wanda a da shi ne tafki na huɗu mafi girma a duniya. Daga wajen 1960 Tarayyar Sobiyat ta riƙa karkatar da kogunan Amu Darya da Syr Darya zuwa gonakin auduga. An samu audugar, amma ruwan da ke shiga tafkin ya kasa cike gurbin wanda rana ke ƙafarwa. Tafkin ya ja da baya, gishiri ya yi yawa har kifi ya mutu, masunta suka rasa sana'a, iska kuma ta riƙa kwaso ƙurar gishiri da ragowar maganin feshi tana watsa wa mutane, ciwon ƙirji ya yawaita. Ka lura, kuskure ɗaya ne ya taɓa muhalli da aljihu da lafiyar jama'a gaba ɗaya. Shi ya sa masana ba sa raba waɗannan ukun. Kanada ma, da duk arzikinta, sai da ta hana kamun kifin kod a gaɓar Newfoundland a 1992, dubban mutane suka rasa aiki.

Maganar abokinka ba a banza ta fito ba. Ƙasashen da suka riga kowa kafa masana'antu su suka fitar da kaso mafi tsoka na hayaƙin da ke ɗumama duniya, don haka ba adalci ba ne a ce kowa ya ɗauki kaya daidai da na kowa. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan muhalli da aka yi a birnin Rio na Brazil a 1992 ya amince da hakan: nauyin na kowa ne, amma na wani ya fi na wani. Sai dai ban yarda cewa manufar ita ce danne matalauta ba. Rahoton 1987 ɗin nan buƙatun talakawa ya sa a gaba. A cikin muradun ci gaba mai ɗorewa 17 da ƙasashe 193 suka amince da su a 2015 don cimmawa nan da 2030, na farko shi ne kawar da talauci, na tara kuma ya shafi gina masana'antu ne kai tsaye. Wanda ba shi da makamashin girki sai itace ba zai bar sare bishiya don an yi masa wa'azi ba, sai an samar masa da madadi.

Inda abin ke damuna shi ne cika alkawari. A taron Kopenhagen na 2009 ƙasashe masu arziki sun ce zuwa 2020 za su riƙa tara dala biliyan 100 duk shekara don taimaka wa masu tasowa kan sauyin yanayi. Wa'adin ya wuce ba a cika ba, kuma mafi yawan kuɗin da gwamnatoci suka bayar bashi ne da za a biya.